Shirun da ke Tsakanin Uwa da 'Ya: Darasi a kan 'Yammatan Latino na Amurka

Darasinmu na wannan mako zai kai mu nesa da gida, zuwa ƙasar Amurka, wurin wasu mutane waɗanda yawancinmu ba mu san su ba sai a labari, kuma zancen da za mu yi mai nauyi ne, domin zancen rai ne. Shekaru fiye da 30 ke nan likitoci da malaman makaranta a can suna lura da cewa 'yammatan wata al'umma da ake kira Latino suna yawan yunƙurin kashe kansu. Abin da ya sa al'amarin ya cancanci nazari shi ne, waɗannan yara ba daga gidajen da aka yar da zumunci suka fito ba. Al'ummarsu ta shahara da riƙon iyali, da girmama iyaye, da riƙon addininsu. To, ta yaya yarinya za ta tashi a gida cike da dangi, sa'an nan duniya ta yi mata ƙunci har ta nemi barinta?

Mu fara da sanin mutanen. Latino suna ne da ake kiran mazauna Amurka waɗanda asalinsu ƙasashen da ke kudu da ita ne, watau Meksiko, da Amurka ta Tsakiya, da ta Kudu, da tsibiran Karibiyan, inda galibi ake magana da Sifaniyanci. Mace a cikinsu ita ake ce wa Latina. Ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, watau kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma cikin yara huɗu na Amurka ɗaya nasu ne. Mafi yawansu 'yan asalin Meksiko ne. Akwai kuma mutanen Puerto Rico, waɗanda doka ta mai da su 'yan ƙasar Amurka tun 1917, da na El Salvador, da na Kyuba, da na Jamhuriyar Dominika. Ta fuskar addini Kiristoci 'yan Katolika sun fi yawa, ko da yake adadinsu yana raguwa: cibiyar bincike ta Pew ta ce kashi 67 cikin 100 ne na manyansu a 2010, amma zuwa 2022 sun koma kashi 43. Mai karatu ya sani kuma, unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda aka yi yawancin binciken da za mu ambata, nan ne dubban mutanen Afirka ta Yamma suke zaune, har da Hausawan Gana da na Nijar, kuma 'ya'yansu da 'ya'yan Latino makarantu ɗaya suke zuwa.

Tun 1991 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da CDC, take raba wa ɗaliban manyan ajujuwan sakandare takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu, yaro ya amsa ba tare da ya rubuta sunansa ba. Cikin tambayoyin har da wannan: a cikin watanni 12 da suka wuce, ka taɓa yunƙurin kashe kanka? A 1995 kashi 21 cikin 100 na 'yammatan Latino suka amsa da i, watau yarinya ɗaya cikin biyar, kusan ninki biyu na abin da aka samu ga 'yammatan Turawa da na baƙaƙen fata. A 2015 adadin ya sauka zuwa kashi 15, na sauran ɓangarorin biyu kuwa yana wajen kashi 10. Daga baya lissafin ya sake sauyawa, domin a 2019 'yammata baƙaƙen fata ne suka shiga gaba. Saboda haka kada a ɗauka wannan masifa ta ƙabila ɗaya ce. Amma daɗewar da Latino suka yi a saman wannan lissafi ita ta sa aka tsananta bincike a kansu, har aka gano abubuwan da ke gaba.

Wajibi ne a rarrabe tsakanin yunƙuri da mutuwa. A Amurka 'yammata sun fi yawan yunƙuri, samari kuwa sun fi yawan mutuwa ta wannan hanya, kuma in aka duba mace-mace, 'yan asalin ƙasar, watau waɗanda Turawa suka tarar, su abin ya fi shafa, ba Latino ba. Har ila yau, nazarin da aka tattara na shekaru masu yawa ya nuna cewa cikin mutum goma da suka yi yunƙuri aka ceto su, kusan tara ba ta wannan hanya suke mutuwa ba daga baya. Wannan albishir ne, domin yana nufin wanda aka ceto yau, akwai kyakkyawan zaton zai rayu ya tsufa. Amma ba hujja ba ce ta a ce yarinya neman a kula ta kawai take yi, a yi banza da ita. Wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa kusa da sake yi, musamman a watannin farko.

Wanda ya fara rubuta labarin a littattafan likitanci wani likita ne mai suna Edgar Trautman, wanda ya yi aiki a asibitin Lincoln a kudancin Bronx. A 1961 ya bayyana abin da yake gani ga matan Puerto Rico da ake kawowa asibitin. Ya lura yawancinsu ba mahaukata ba ne, ba kuma sun daɗe suna shirya abin ba. Rigima ce takan tashi a gida, da miji ko da uwa, zuciya ta hau, cikin ɗan lokaci mace ta aikata abin da ta aikata. Da sun farfaɗo aka tambaye su, da yawa sukan ce ba mutuwa ce a ransu ba a wannan lokaci, so suke su kuɓuta daga halin da suke ciki. Wannan bayani ya zauna shekaru a cikin takardu ba a bi shi sosai ba.

Wanda ya ɗauko zancen ya bi shi har gindinsa shi ne Farfesa Luis Zayas, haifaffen Puerto Rico, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya daɗe yana ganin irin waɗannan yara a asibitocin Niyok. A cikin shekarun 2000 shi da abokan aikinsa suka tattauna da 'yammatan Latino fiye da 200, masu shekaru 11 zuwa 19, kusan rabinsu sun taɓa yunƙuri, sauran ba su taɓa ba, sa'an nan suka tattauna da iyayensu mata da waɗansu daga cikin iyayensu maza. Hikimar wannan tsari ita ce, yaran duka unguwanninsu ɗaya, talaucinsu iri ɗaya, al'adarsu ɗaya, don haka in an ga bambanci, ba za a jingina shi ga waɗannan ba. Sakamakon ya fito a maƙaloli da dama, da kuma littafin da ya wallafa a 2011. Kafin mu zo ga abin da ya gano, sai mun fahimci tarbiyyar da ake yi wa yarinya a irin wannan gida.

Akwai kalmar da masana suke kira familismo, ma'anarta fifita iyali a kan kai. Mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, na danginsa ne. Abin da ya samu da su za a ci, abin kunyarsa nasu ne, shawarar aurensa da ta aikinsa ba shi kaɗai zai yanke ba. Akwai respeto, watau ladabi da biyayya ga na gaba, yaro ba ya mayar wa babba magana. Sa'an nan akwai wadda ta keɓanta da mata, marianismo, kalmar da wata malama Evelyn Stevens ta yayata a 1973, an ciro ta daga sunan Nana Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Abin da ake nufi shi ne mace ta gari ta kasance mai kamun kai, mai haƙuri, mai sadaukar da jin daɗinta domin mijinta da 'ya'yanta, mai shanye wahala ba tare da ƙorafi ba. Wanda ya karanta waɗannan siffofi ba zai ga aibu a cikinsu ba, ni ma ban gani ba. Su ne suka riƙe miliyoyin baƙi a ƙasar da ba su san kowa ba, su ne suka sa mai wankin kwanuka a Niyok take aika kuɗi ƙauyensu duk wata.

Idan yarinya ta cika shekara 15, ana yi mata wani biki mai suna quinceañera. A kai ta coci a yi mata addu'a, ta sa doguwar riga kamar amarya, a wasu gidajen mahaifinta ya durƙusa ya cire mata takalmin yara ya sa mata mai tsini, a ba ta 'yar tsana ta ƙarshe, alamar ƙuruciya ta ƙare. Talaka yakan yi shekara yana tara kuɗin wannan rana, dangi da iyayen gida su taimaka. To, ga inda abin yake da ɗaure kai: ranar da aka shaida wa duniya cewa ta zama mace, daga ranar ce tsaron da ake yi mata yake ƙaruwa. Ɗan'uwanta namiji zai fita ya dawo sa'ad da ya ga dama, ita kuwa daga makaranta sai gida, ga girki, ga renon ƙanne, ga ido a kan wanda take magana da shi.

Da a ƙauyen uwarta take, da wannan bai zama rigima ba, domin kowace yarinya haka take. Amma tana Amurka, inda malamarta take koya mata ta faɗi ra'ayinta, ta zaɓi abin da za ta zama, inda ƙawayenta suke fita yawo da yamma, kuma ake ganin yaro ya bar gidan iyaye yana shekara 18 ba abin mamaki ba ne. Tun cikin shekarun 1970 wani masani a Jami'ar Miami, José Szapocznik, ya lura da wannan a gidajen 'yan Kyuba: yara suna ɗaukar harshe da ɗabi'un sabuwar ƙasa da sauri, iyaye suna tafiya a hankali, sai rata ta buɗe a tsakiyar gida. Wani nazari da Juan Peña da abokansa suka fitar a 2008 ya nuna cewa matasan Latino da aka haifa a Amurka, iyayensu baƙi, sun kusa ninka sau uku waɗanda aka haifa a waje wajen yunƙurin kashe kai. A lura da kyau: ba wadda ta sha wahalar hanya da ƙetare iyaka ce ta fi shiga haɗari ba, wadda aka haifa a can ce, mai takardar ɗan ƙasa, mai jin Turanci kamar Baturiya.

Ratar nan har cikin harshe take shiga. Yarinya tana tunani da Turanci, uwa tana addu'a da Sifaniyanci. Sifaniyancin yarinyar ya isa ta ce an gama abinci, ko ta karɓi saƙo, amma bai isa ta bayyana abin da ke cin zuciyarta ba. Turancin uwar kuma bai wuce na wurin aiki ba. Ga wani abu kuma da ke juya gida: sau da yawa yarinya 'yar shekara goma ita ce tafintar iyayenta wurin likita, da wurin mai gidan haya, da ofishin gwamnati. Da safe ita ce bakin gidan, ta ji bashin da ake bin ubanta da cutar da ke jikin uwarta, da dare kuma a ce mata ita yarinya ce, ta rufe baki manya suna magana. Akwai kuma gidajen da uwa ta fara tafiya neman kuɗi ta bar jaririya wurin kaka, sai bayan shekara bakwai ko goma aka kawo yarinyar, ta tarar da mijin uwa da ƙanne da ba ta sani ba. Uwar tana jiran godiya, domin saboda wannan 'ya ta yi shekaru tana goge daɓen mutane. Yarinyar kuwa abin da ta sani shi ne an tafi an bar ta, yanzu kuma an raba ta da kakar da ta rene ta.

Yanzu mu koma ga Zayas. Mai karatu zai zaci yaran da suka yi yunƙuri su ne waɗanda suka fi zama Amurkawa, suka raina al'adar gida. Binciken bai nuna haka ba. Da aka auna yadda suka rungumi al'adar Amurka, da yadda suke ɗaukaka iyali a zuciyarsu, ba a ga wani babban bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Inda bambanci ya fito fili shi ne abin da za mu kira fahimtar juna tsakanin uwa da 'ya, watau yarinya ta ji cewa in ta yi magana uwarta tana saurare, tana gane abin da take ji, ita ma tana gane na uwar. Waɗanda suka yi yunƙuri sun ba da rahoton ƙarancin wannan, iyayensu mata ma haka suka faɗa. Gidajen da yaran ba su yi yunƙuri ba, su ma ana rigima a kan saurayi, da sutura, da lokacin dawowa gida, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai dai a can, bayan faɗa akan zauna, uwa takan sassauta wani abu, 'ya takan sassauta wani, ƙofar magana ba ta rufewa.

Wata maƙala da Jill Kuhlberg ta rubuta tare da Peña da Zayas a 2010 ta ƙara fito da wani abu mai ban tausayi. Yarinyar da ta fi riƙo da fifita iyali, rigimarta da iyaye takan yi ƙaranci, wannan kuwa alheri ne. Amma irin wannan yarinya ita ce kuma ta fi mai da damuwa cikin ranta. Ba ta tsiwa, ba ta guje wa gida, ba ta shaye-shaye, sai ta haɗiye. Mu dubi yadda lissafin yake a zuciyarta. An koya mata iyali shi ne kome, ta kuma yarda. Tana son abin da iyayenta suka hana, ko kuwa wani abu ya same ta wanda faɗinsa zai kunyata gidan. In ta yi magana ta zama marar kunya, in ta bijire ta zama butulu ga uwar da ta ga wahalarta da idonta, in ta yi shiru abin yana cinta. Daga nan sai ta fara ganin ita ce matsalar gidan, da babu ita da kowa ya huta. Ashe ba ƙin iyayenta ne ya kai ta bakin ramin ba, sonsu ne da ya rasa hanyar fita. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da aka gano, domin yana gaya mana cewa 'yar da aka fi yabo da haƙuri da rashin magana, mai yiwuwa ita ce ta fi bukatar a tambaye ta.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa iyaye mata laifin duka. Uwar nan da ake cewa ba ta saurare, sau da yawa aiki biyu take yi, ta fita kafin gari ya waye ta dawo yara sun yi barci. Ita ma haka aka rene ta, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke ranta. Tsananin da take yi tsoro ne, domin ta san unguwar da suke, ta ga 'ya'yan maƙwabta da suka yi ciki suna makaranta, ta ga waɗanda ƙwaya ta lalata. Uba kuma a gidaje da yawa ba ya nan, ko yana nan amma ya bar zancen 'ya mace ga uwarta, sai in hukunci ya tashi.

Kazalika ba al'ada kaɗai ce sanadi ba. Ciwon damuwa cuta ce ta gaske wadda ke kama ɗan kowace ƙabila, kuma tana tare da yawancin masu yunƙuri. Akwai yaran da wani na gida ya ci zarafinsu, aka rufe maganar don kada asiri ya tonu. Akwai tsangwama a makaranta saboda launi ko harshe. Akwai tsoron hukumar shige da fice: cibiyar Pew ta ƙiyasta cewa a 2022 yara fiye da miliyan 4 haifaffun Amurka suna zaune da uwa ko uba marar takardar izinin zama, watau yaro yana aji yana tunanin ko zai koma gida ya tarar an tafi da mahaifiyarsa. Zayas ya rubuta littafi na dabam a kan waɗannan yara a 2015. Abin da al'ada take yi shi ne, ko ta buɗe wa yarinya hanyar faɗin waɗannan abubuwa, ko ta toshe.

Neman magani ma yana da nasa shingen. Latino suna cikin waɗanda suka fi rashin inshorar lafiya a Amurka, inda ganin likita ba inshora yake da tsada ƙwarai. Binciken da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta yi a 2015 ya nuna waɗanda za su iya duba marar lafiya da Sifaniyanci a cikinsu ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Ga kuma gudun abin faɗa. Suna da karin magana cewa a gida ake wanke tufafi masu dauɗa, kamar dai yadda mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kai yarinya wurin likitan ƙwaƙwalwa, a wurin dangi, daidai yake da shelar cewa ta haukace, sai a gwammace a ce jijiyoyinta ne suka motsa, a ba ta shayi, a kai ta coci.

A nan zancen ya taɓo addini, dole mu ɗan tsaya. Kashe kai haramun ne a wurinsu, kamar yadda yake a wurinmu. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta hana a yi wa wanda ya kashe kansa da gangan jana'izar coci, amma sabuwar dokar 1983 ba ta maimaita wannan hani ba, littafin koyarwarsu na 1992 kuma ya yarda cewa tsananin ciwon zuciya da firgici suna iya rage nauyin laifin. A Musulunci hanin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, da hadisai ingantattu, kuma babban zunubi ne ba jayayya. Duk da haka jumhurin malamai, har da na mazhabar Maliku, sun tafi a kan cewa Musulmin da ya aikata haka bai fita daga addini ba, za a yi masa wanka a yi masa salla, al'amarinsa yana ga Ubangijinsa, wanda ya san gwargwadon hankalin da ya rage masa a wannan sa'a. Imani garkuwa ne, har ma wani nazari da aka fitar a 2016 a kan ma'aikatan jinya mata kusan 90,000 a Amurka ya nuna masu zuwa wurin ibada kowane mako sun fi sauran nisa da kashe kai ƙwarai. Amma ga yarinyar da ta riga ta ɗauki kanta mai laifi, in abin da ta samu daga manya tsawa ce da ambaton wuta kaɗai, to an ƙara mata dalilin yin shiru ne. Hukunci yana magana a kan aikin, ita kuwa tana raye tukuna, abin da ya wajaba a kan na kusa da ita shi ne ceto, ceton rai kuwa da neman magani duka abubuwa ne da shari'a ta yi umurni da su.

To, me suka yi a can? Wata mata 'yar asalin Kyuba, Dokta Rosa Gil, wadda ta kafa ƙungiyar Comunilife a Niyok a 1989, ta buɗe wani shiri a Bronx a 2008 mai suna Life is Precious, ma'anarsa rai abu ne mai daraja, daga baya aka buɗe rassa a wasu unguwannin birnin. Ba asibiti ba ne, yaran suna ci gaba da ganin likitocinsu. Wuri ne da yarinya za ta je bayan an tashi makaranta, a taimake ta da aikin gida na makaranta, ta yi zane, ta koyi kiɗa, ta zauna da 'yan'uwanta masu irin halinta, ma'aikatan kuma masu jin harsunan biyu ne, sun san gidajen da yaran suka fito. Ba a ce wa yarinya ta yar da al'adarta, ba a kuma mai da uwa abokiyar gaba, jawo ta ake yi cikin shirin. Masu bincike daga Jami'ar Columbia da suka bi yaran sun ga tunanin kashe kai da alamun damuwa suna raguwa a hankali, ko da yake ba a gwada su da wani rukuni na dabam ba, don haka hujjar ba ta kai ta yanke ba. A Miami kuma akwai shirin Familias Unidas, wanda ya fi mai da hankali ga iyaye: a tara su rukuni-rukuni, a koya musu yadda makarantar Amurka take, da yadda za su yi hira da matashi ba tare da hirar ta koma tuhuma ba, sa'an nan a je gida a gwada a gaban mai koyarwa.

Akwai wani tsoro da ke hana iyaye da malamai buɗe baki, wai in ka tambayi yaro ko yana tunanin kashe kansa, kai ka sa masa tunanin. An gwada wannan. Madelyn Gould da abokan aikinta sun yi nazari a kan ɗalibai fiye da 2,000 a makarantun jihar Niyok, aka buga a 2005: an yi wa rabi tambayar kai tsaye, rabi ba a yi musu ba, kuma ba a ga tambayar ta ƙara wa kowa damuwa ko mugun tunani ba, har ma waɗanda suka fi shiga haɗari sun ɗan sami sauƙi. Saboda haka abin da ake koya wa iyaye a can shi ne su lura, labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinya ta daina cin abinci ko barci, ta janye daga ƙawaye, karatunta ya faɗi, tana rabar da kayan da take so, tana cewa ita kaya ce a kan mutane ko ba za ta daɗe ba, ko an ga tabon yanka a hannunta. In an ga haka, a zauna da ita inda ba kowa, a tambaye ta a fili da murya mai sanyi, a bar ta ta gama magana ko da abin da za ta faɗa zai yi ɗaci. Kada a bar ta ita kaɗai, a kulle magunguna da makamai da duk abin da zai iya cutarwa a gidan, domin kamar yadda Trautman ya gani tun 1961, sa'ar haɗarin gajera ce, in abin cutarwa bai zo hannu ba takan wuce. Sa'an nan a kai ta ga likita a ranar, ba a jira sai an ga yadda hali zai yi ba.

A watan Yuli na 2022 gwamnatin Amurka ta buɗe lambar waya ta 988, wadda mai wannan damuwa, ko wani nasa, zai kira dare ko rana kyauta, da sashe na masu jin Sifaniyanci, kuma a 2023 aka ƙara musu hanyar aika rubutaccen saƙo da harshensu. Mai karatunmu da ke zaune a can, ko yake da 'ya'ya a can, ya riƙe wannan lamba. Wanda ke wata ƙasa kuma ya ga waɗannan alamu ga wani nasa, ko ya ji su a ransa, ya nufi asibiti mafi kusa ya faɗa wa likita a fili. Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.